Ranar da Madam Selin ta cire takalmin rawa

Cikin ranakun da na yi ina wannan aiki, wadda ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Asabar ta watan Janairu, ranar da aka ɗauki fim ɗin rawar bale a gidan wasan da nake aiki a nan Dubai. Sababbin da ake kawo mana sashen tufafi sukan ji guntun labarin a bakin wannan, su ji wani guntun a bakin wancan, ya zo musu a karkace. Shi ya sa na ga ya dace in faɗe shi tun daga farko, yadda na gan shi da idona.

Sunana Hadiza, mutuniyar Maraɗi ce ni. Na yi karatun boko da Faransanci har kwaleji, ɗinki kuwa wajen ƙanwar mahaifiyata na koya. Na zo Dubai da bizar wani shagon abaya a Karama, na yi shekara uku a kan keken ɗinki, kafin wata 'yar Filifin da muke shiga mota ɗaya daga Al Nahda ta gaya mini ana neman masu ɗinkin hannu a gidan wasa. Gwajin da aka yi mini bai kai minti goma ba. Siliki mai santsi aka miƙo mini, aka ce in kalmasa shi kada zaren ya fito ta fuska. Na yi, aka ɗauke ni.

Ga wanda bai san aikin ba, haka sashenmu yake. A sama akwai shugabar sashe, a lokacin Madam Rosa ce. Ƙarƙashinta teloli masu yanka da gyara, sai masu wanki da guga, sai mu masu sa kaya. Mai sa kaya tana tsayawa ne a gefen dandamali, inda 'yan kallo ba sa gani, ta cire wa 'yar wasa riga ta sa mata wata cikin duhu, wani lokaci cikin minti ɗaya. Mata ke sa wa mata, maza su sa wa maza. Da zarar an ɗaga labule kuwa, kowa da kowa, har Madam Rosa, yana ƙarƙashin mai kula da dandamali ne. Namu shi ne Mista Karim, ɗan Masar, wanda ke zama a kusurwa da abin magana a kunne yana ba masu fitila da masu labule umarni. Akwai kuma wata doka da ake sa kowace mai sa kaya ta sa wa hannu ranar da aka ɗauke ta: in kin ga ciwo a jikin ɗan wasa, jini ne ko kumburi, dole ki sanar da mai kula da dandamali nan take, ko da mai ciwon ya roƙe ki ki yi shiru. Wadda ta ɓoye, aikinta ya ƙare. A garin nan kuwa kowa ya sani, in aiki ya tafi biza na biye da shi.

Bale rawa ce da ake ba da labari da ita ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Makaɗa suna zaune a wani rami gaban dandamali, 'yan rawa na sama, matan suna tsayawa a kan ƙarshen yatsunsu cikin wani takalmi mai taurin baki. Ba zan ɓoye ba, farkon ganina abin bai kwanta mini ba, musamman kayan da suke sawa. Na ɗauke shi aiki kawai, in maƙala ƙugiya in ɓalle ƙugiya, in koma gida.

Ƙungiyar da ta zo mana a wannan watan daga Turai ta zo, kuma babbar 'yar rawarsu ita ce Madam Selin. Shekarunta arba'in da ɗaya, wanda a sana'arsu tsufa ne, kuma kowa ya san wannan ce fitarta ta ƙarshe. Da yake Faransanci take yi, sai Madam Rosa ta ba ni ita. Siririya ce, gajeriya, ba ta da fara'a, ba ta kuma iya furta farkon sunana ba, sai dai ta ce Adiza. Ranar farko ta sa na maƙala mata ƙugiyoyin riga ɗaya sau shida tana duba agogo, har na ji haushinta. Amma ita ke ninke kayanta da kanta, ba ta taɓa jefar da safa a ƙasa don in ɗauka ba. Da ta ga ina ɓacewa da rana, ta tambaye ni, na ce salla nake zuwa, sai ta ce in rubuta mata lokutan ta manna a madubi. Daga ranar, duk awo da gwajin kaya sai ta kauce musu.

Ranar da na fara ganin ƙafarta ba safa sai da na kau da kai. Yatsun sun kanannaɗe, farata biyu baƙi ƙirin, fatar ta yi kanta ko'ina. Ta lura da ni, ta ce, "Kada ki ji tausayinsu, su suka ciyar da ni." Tun tana 'yar shekara takwas take kansu.

Ita ce ta ba ni labarin rawar, wata rana ina mata awo. An ciro shi ne daga wani tsohon littafi da aka rubuta fiye da shekara ɗari da suka wuce, wanda yaransu ke karantawa a makaranta. Wata mace ce da wanda za ta aura ya tafi yaƙi, aka kawo labarin ya mutu. Ta yi ta jira har ta haƙura ta auri wani mutumin kirki. Bayan shekaru sai ga na farkon ya dawo da ransa. Ba ta iya cin amanar mijin ba, ba ta kuma iya cire wancan daga zuciyarta ba, har abin ya cinye ta, ta mutu cikin sanyi a ƙofar gidansa ba tare da ta ƙwanƙwasa ba. Kashi uku ne, riga uku: fara a kashi na ɗaya, koriya a na biyu, mai ruwan toka a na uku. Hutu ɗaya ne, bayan kashi na ɗaya. Tsakanin na biyu da na uku kiɗa ne kawai na minti biyu, a cikinsa ake canza riga.

An yi wasan sau uku a makon, amma na Asabar da ƙarfe uku na rana shi za a ɗauka, gaban 'yan kallo, domin a riƙa nuna shi bayan Madam Selin ta bari. Ɗaukar fim ya ƙara mana aiki. Ɗan kallo yana nesa, ba ya ganin zaren da ya fito, amma kyamara ba ta barin komai. Rigunan rawa akan sa musu layin ƙugiya biyu ko uku a baya, don mutum fiye da ɗaya ya iya sa su. Daraktan fim ɗin ya duba rigar toka ya ce layukan suna fitowa a hoto, a cire su a bar na Madam Selin kaɗai, a kuma rage abin da ya yi saura. Ni da hannuna na yi wannan aikin ranar Laraba.

Ranar Asabar aka ɗaga labule a kan lokaci. Na tsaya a wurina na gefen hagu ina kallon kashi na ɗaya, kuma ko ni da ban san sana'ar ba na san ranar daban ce. Inda aka kawo mata labarin mutuwa, ba ta faɗi ba, ba ta yi wata birgima ba. Tsayawa ta yi a kan yatsun ƙafa ɗaya, hannunta na sauka a hankali, har sai da na ji na riƙe numfashi. Dab da ƙarshe akwai tsalle uku a jere. Ta yi su, labule ya sauka, tafi ya tashi.

Kafin ta iso gare ni sai Malam Isufu ya matso. Mutumin Damagaram ne, yana cikin masu jan labule da shimfiɗa daɓen rawa, kuma mu biyu ne kaɗai masu jin Hausa a gidan.

Ya ce, "Ƙanwata, ki duba Madam ɗinki. Dirarta ta ƙarshe ba ta yi mini daɗin ji ba."

Na ce, "Ji kuma, Malam Isufu? Ba gani ba?"

Ya ce, "Mako guda ina jin ƙafar matar nan a katakon nan, kamar mage take sauka. Yanzu kuwa na ji dum."

Ta wuce mu tana tafiya daidai, ba ɗingishi. Sai da muka shiga ɗakinta na rufe ƙofa, ta dafa kafaɗata zan zare mata farar rigar, na ji nauyinta gaba ɗaya ya sauko a kaina. Ba ta taɓa yin haka ba. Ta zauna, ba ta kwance takalmi ba, alhali kullum shi take fara cirewa a hutu. Na durƙusa kamar zan ɗauki wani abu, na duba. Bayan ƙafarta ta hagu, sama da diddige, ya kumbura har safar ta ɗame.

Ta ce, "Adiza, ba ki ga komai ba. Kawo koriyar rigar."

Na ce, "Madam, na gani."

Ta kalle ni ta cikin madubi. Ta ce, "Awa ɗaya ta rage mini a wannan sana'ar. Shekara talatin da uku nake tafiya zuwa gare ta. Kin san abin da za ki ƙwace mini?"

Na tuna takardar da na sa wa hannu, na tuna mahaifiyata da ƙannena da aikin nan ke riƙe da su. Na kuma san in na fita da gudu na kira Mista Karim, na bi doka, babu mai cewa na yi laifi. Amma matar nan ta yi mako guda tana girmama ni, na kasa juya mata baya in kai ƙararta kamar yarinyar da ta yi ɓarna.

Na ce, "Madam, na sa hannu a takarda. Ko da ban sa ba, ba zan iya ɗaure ki cikin riga in tura ki kan wannan ƙafar in yi shiru ba. Zan je in rataye farar rigar in dawo. In na dawo ba ki ce a kira Mista Karim ba, ni zan kira shi. Amma na fi so ya ji daga bakinki."

Na ɗauki rigar na fita, na rataye ta na dawo. Tafiyar da dawowar ba su wuce minti biyu ba.

Da na buɗe ƙofa na same ta a tsaye, ta dafa bayan kujera, tana ƙoƙarin hawa kan yatsun ƙafar hagu. Ta hau sau ɗaya, ta sauko. Ta sake hawa. A na uku ƙafar ta yi karkarwa ta sauke ta da kanta. Ta daɗe tana kallon ƙafar.

Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "A kashi na uku zan yi tsalle daga kan matakala, abokin rawata ya cafe ni. In ƙafar ba ta tashi da ni daidai ba, ba ni kaɗai zan faɗi ba, bayansa zan karya. 'Ya'yansa biyu." Ta zauna, ta fara kwance igiyar takalmin. Ta ce, "Kira Karim. Ki kira mini Nadiya ma."

Kafin minti uku ɗakin ya cika. Mai duba lafiyar 'yan rawa ya taɓa wurin ya ce agarar ce ta fara tsagewa, tsalle ɗaya na iya tsinka ta. Daraktan fim ya shigo yana haki, ya durƙusa gabanta yana roƙo. Ya ce a yi mata allurar kashe zafi, a cire tsallen matakala, shi kuma zai sa kyamarori su ɗauke ta daga ƙugu zuwa sama.

Ta ce, "Na yi rawa da karyayyen yatsa, na yi da zazzaɓi. Ciwo bai taɓa zaunar da ni ba. Yau ƙafar ce ta daina jin maganata. Mutanen nan kuwa sun zo ganin matar littafin gaba ɗayanta ne, ba rabinta ba."

Mista Karim ya duba agogo ya ce, "Khalas, shi ke nan. Nadiya za ta hau dandamali. Na ƙara minti goma sha biyar a kan hutu, zan sanar da 'yan kallo. Yalla, maza, kowa wurinsa."

Nadiya ita ce ta ko-ta-kwana, wato wadda ta koyi rawar babbar don irin wannan rana. Shekarunta ashirin da huɗu, kuma a kashi na ɗaya tana can layin baya cikin 'yan matan ƙauye. Ta shigo da kayan ƙauyen a jikinta.

Ta ce, "Madam, ban taɓa yin kashi na uku a gaban mutane ba."

Madam Selin ta ce, "Ni ma akwai ranar da ban taɓa yi ba. Zo nan. Ƙafarki ta san komai, na sha ganinki a gwaji. Abu ɗaya zan gaya miki. In kin isa ƙofar nan a ƙarshe, kada ki nuna wa mutane kina baƙin ciki. Ki ɗaga hannu da niyyar ƙwanƙwasawa da gaske. Sannan ki fasa."

Koriyar rigar ba ta ba mu wahala ba, da igiya ake ɗaure bayanta, muka sassauta ta shiga. Rigar toka ce matsalar. Nadiya ta fi Madam Selin faɗin haƙarƙari, da muka gwada sai bayan ya ƙi haɗuwa da faɗin yatsu uku. Layukan ƙugiyar da za su cece mu kuwa ni na cire su ranar Laraba. Babu sauran yadin, don rina shi aka yi musamman a ƙasarsu. Madam Rosa ta dafe kai.

Na ce, "Siket ɗin hawa uku ne. In muka yanki tsiri daga na can ciki, launin ɗaya ne, ba mai gani."

Madam Rosa ta ce rigar ba tamu ba ce, ta ƙungiyar ce, ba ta da ikon sa mata almakashi. Madam Selin, tana zaune da ƙanƙara ɗaure a ƙafa, ta ce, "Ku yanka. Ni zan amsa."

Aka ɗaga labulen kashi na biyu muna tsugune a gefen dandamali, ƙarƙashin wata 'yar fitila shuɗiya, ni da Madam Rosa. Minti talatin da biyar muke da su. Muka yanki tsirin, muka ninka shi biyu don ya yi ƙarfi, muka ɗinke shi a gefe ɗaya na bayan. Lokacin dasa ƙugiya ba zai samu ba, sai muka yanke shawarar ɗinke ɗaya gefen a jikinta. Na zura zare a allura shida na soka su a hannun rigata. Madam Selin ta sa aka kawo mata kujera kusa da mu. Idonta na kan dandamali, hannuwanta biyu na yin duk abin da ƙafafun Nadiya ke yi, leɓenta na ƙirga kiɗa. Ban ga kashi na biyu ba, a fuskarta na riƙa karanta yadda yake tafiya.

Fitilu suka mutu, kiɗan minti biyu ya fara. Nadiya ta faɗo mana jiƙe da gumi, ƙirjinta na hawa da sauka. Muka zare koriya muka zura toka. Wanda aka sa ya haska mana da tocilan ya tsaya ta inda inuwar hannuna ke rufe ɗinkin, sai kawai na ga haske ya dawo daidai inda nake so. Madam Selin ce ta karɓe tocilan, ta tashi tsaye a kan ƙafa ɗaya, ta jingina da bango. Madam Rosa ta faro daga sama, ni daga ƙasa.

Na ce da Nadiya, "Fitar da numfashi, ki riƙe."

Silikin ya jiƙe, allura na zamewa. Na soki yatsana, na sa shi a baki don kada jini ya taɓa rigar, na ci gaba da ɗayan. Mista Karim ya ce saura daƙiƙa talatin. Ya ce saura goma sha biyar. Hannuna ya haɗu da na Madam Rosa a tsakiyar baya, na ƙulla, na datse zaren da haƙori. Madam Selin ta sa tafin hannunta a kan ɗinkin ta tura Nadiya a hankali, ta ce, "Je ki."

Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Adiza, lokacin sallarki na wucewa." Na ruga na yi la'asar da ta kusa kuɓuce mini, na dawo dab da tsallen matakala.

Ni ba tsallen nake kallo ba, bayan rigar nake kallo. Nadiya ta tashi sama, mutumin ya cafe ta ya juya da ita, ɗinkin bai motsa ba. Malam Isufu da ke riƙe da igiyar labule ya ce, "Alhamdu lillahi," a fili. Daga nan aka fara zubo farar takarda daga sama a matsayin ƙanƙarar sanyi. Nadiya ta taka zuwa ƙofar, tana tafiya tana tsayawa. Ta ɗaga hannu, har na ɗauka za ta buga. Hannun ya tsaya a iska, ya sauko, ita ma ta bi shi ƙasa a hankali. Kiɗa ya ƙare. Sai mutane suka miƙe tsaye. Na taɓa fuskata na ji ta jiƙe, ni da na ce aiki kawai na zo yi.

Mista Karim ya aiko a tambayi Madam Selin ko a fitar da ita a kujera ta karɓi tafi. Ta ce a'a, ba ita ta kai wasan ƙarshe ba. Nadiya ta leƙo gefenmu sau biyu tana miƙo mata hannu, ita kuwa ta yi mata alama ta koma tsakiya.

Lahadi da safe ina ɗakinta ina dasa wa rigar toka ƙugiyoyi na gaskiya, daraktan fim ya shigo da kwamfutarsa. Ya ce yana da kashi na ɗaya da fuska ɗaya, sauran biyun da wata fuskar. Shawararsa ita ce a bar shi haka, a rubuta bayani a farko, domin a cewarsa bai taɓa ɗaukar abin da ya kai kashinta na ɗaya kyau ba. Ta ce ya kunna mata. Ta zauna ta kalle shi tun daga farko har ƙarshe, minti arba'in. Ni ma na ajiye allura.

Da ya ƙare ta ce, "Ya yi kyau. Amma wanda zai kalli wannan bayan shekara ashirin bai san ni ba, bai san Nadiya ba. Matar zai bi. In fuskarta ta canza a tsakiya, zai bar labarin ya koma tambayar me ya faru. Ku sake ɗaukar kashi na ɗaya yau da Nadiya."

Ya ce, "Madam, babu ke a fim ɗin ke nan."

Ta ce, "Na sani. Ka ba ni kwafi ɗaya na wannan, mahaifiyata za ta so gani."

Haka aka yi. Na buɗa farar rigar kafin azahar, aka ɗauka da rana ba 'yan kallo. Madam Selin na zaune a layin gaba da sandunanta a gefe, tana tsayar da kiɗa tana gyara wa Nadiya kafaɗa da juyin kai. Wuri ɗaya sai da ta sa aka maimaita shi sau biyar.

Duk wannan lokacin ba ta ce mini komai ba game da abin da ya faru a ɗakin, har na ɗauka tana riƙe da ni. Sai ranar Litinin, ana loda akwatunansu, ta kira ni. Ta ce, "Na tsane ki na minti biyu, Adiza. Da kin tafi wurin Karim kai tsaye, dokarki kika bi. Amma da har in mutu ina cewa tsayar da ni aka yi. Kin bar ni na tsaya da kaina." Ta riƙe hannuna, ta duba yatsan da na soka, ta sake shi. Ban sake ganinta ba. Na ji dai tana koyarwa a ƙasarsu.

A ranar kuma Mista Karim ya kira ni ofis, Madam Rosa na zaune. Ya tambaye ni ƙarfe nawa na ga kumburin, ƙarfe nawa na kira shi. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Doka ta ce nan take, ba ta ce bayan minti biyu ba. Da ta kulle ƙofa ta sha magani ta ce miki ƙarya kike, me za ki yi?" Ya rubuta mini gargaɗi, na sa hannu. Da zan fita ya ce daga wata mai zuwa ni zan riƙa sa wa manyan baƙi kaya.

Bayan wata takwas fim ɗin ya fito. Na kalle shi wata Juma'a da yamma a gidanmu na haya a Al Nahda, tare da Yaya Balaraba, 'yar Kano mai sayen kaya a kasuwar Murshid Bazar tana aikawa gida, wadda ɗakinta ke kusa da nawa. Da farko tana ta tsiya, wai mutane sun rasa abin yi sai tafiya a kan farce. Kafin a kai tsakiya ta bar tsiyar. Da aka zo ƙofar nan ta ce, "Ki buga mana, baiwar Allah!" tana share ido da gefen mayafi. Sannan ta ce, "To ina Madam ɗin taki da kike ta ba mu labari?" Na ce ba ta ciki. Sai can cikin sunayen ƙarshe muka gan ta, an rubuta mai horarwa, da ƙananan baƙaƙe.

Abin da wannan rana ta koya mini game da mutanen nan shi ne ba tafi ke riƙe da su ba, kamar yadda na zata da farko. Na ga mace ta ajiye abin da ta yi wa aiki tun tana yarinya, saboda bayan abokin aikinta da kuma labarin da aka ba ta amana, sannan ta tashi a kan ƙafa ɗaya ta haska wa tela. Game da namu aikin kuwa, mu ne mafi kusa da jikinsu. Muna ganin abin da darakta ba ya gani, kuma sau da yawa a gabanmu suke fara karaya. Saboda haka ƙannena sababbin shiga sashen nan, dokar nan ku bi ta, Mista Karim ya yi gaskiya, kuma ni ma yau haka nake koyar da ita. Ba zan ce wa kowa ta yi abin da na yi ba. Gargaɗin yana nan cikin fayil ɗina har yanzu. Sau biyu ana ce mini in rubuta a cire shi tunda ya daɗe, ban rubuta ba.